Kun manta da mai askin Seligman

Wannan labari da kuka kawo na Seligman, ɗan ƙaramin garin nan na jihar Arizona a Amurka, ya taɓa min zuciya. Kun ce tsofaffin gine-ginensa ne ke jawo baƙi. Gaskiya ne, amma ina sunan Angel Delgadillo, tsohon mai askin garin? A 1978 sabuwar babbar hanya ta kauce wa garin, motoci suka ɗauke ƙafa, gidajen mai da masaukai suka shiga rufewa. Shi bai rufe shagonsa ba. A 1987 ya tara jama'a suka kafa ƙungiya, suka matsa har jihar ta ayyana Route 66, tsohuwar hanyar da ta ratsa garin, a matsayin hanyar tarihi. Yau baƙi daga ƙasashe daban-daban na tsayawa a shagon don su ga tsohuwar kujerar askinsa. Don Allah ku ƙara sunansa.