Ni da 'Yar Fitilar Cek-Inji

Uwargida ce ta riga ni ganinta. Muna tafe sai ta nuna allon da ke bayan sitiyari ta ce, "Maigida, wannan jirgin mai saukar ungulu fa? Da can ban san shi a nan ba." Na leƙa, sai ga wani ɗan hoto ruwan ɗorawa ya ƙura mini ido. Na ce mata ba jirgi ba ne, hoton inji ne, cek-inji ake ce masa, kuma ba wani abu ba ne. Da muryar masana na faɗa, alhali iyakar sanina ke nan na zazzage mata.

Sati guda fitilar tana kallona ina kallonta. Mota tana tashi, tana tafiya, ba hayaƙi ba ƙara. Da na gaji da kallon sai na yanko baƙin tef na manne ta. Na samu kwanciyar hankali ta kwana biyu, kafin wani dare in ga haske yana tsiyayowa ta gefen tef ɗin, kamar mai bin bashi yana leƙen taga.

Wani abokin aikina ya ce in cire kan batir in bar shi minti goma. Na yi. Fitila ta ɗauke, ta tafi da agogo da tashoshin rediyo gaba ɗaya. Na shiga gida ina tafiyar injiniyoyi. Washegari da yamma ta dawo. Ashe cire batir goge rubutun da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ta ajiye kawai yake yi, cutar tana nan kwance. Yawancin laifuffuka ma sai ƙwaƙwalwar ta gan su a tafiya biyu a jere take kunna fitila, shi ya sa na samu wannan ɗan hutun da na ɗauka gwaninta ce.

Daga nan na yanke shawarar shiga harkar da gaske. Na sayo 'yar na'urar nan da ake soka wa mota ta yi magana da wayar hannu. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mahaɗi iri ɗaya mai ramuka 16, wanda ake kira OBD-II, daga baya Turai ta bi sahu. Yana nan ƙarƙashin sitiyari. Kafin in gano nawa sai da na kwanta rigingine, kai wajen birki, ƙafafu a waje suna lilo, har maƙwabcina ya rugo yana tambaya ko lafiya.

Na'ura ta kawo P0135. Na bincika, na ga harafin P na nufin ɓangaren inji da giya, lambar kuma tana magana a kan layin wutar da ke ɗumama sansar iskar oksijin, wadda ke ɗaure a bututun salansa tana shinshinar hayaƙi. Kalmar "layin wuta" ta wuce ta gabana ban ko gaishe ta ba. Idona a kan "sansa" ya tsaya. Na sayo sabuwa, na sha fama da tsohuwar da tsatsa ta riƙe, na bar fatar yatsu biyu a wurin, na goge lambar. Kwana uku fitila ta dawo da lambarta, ko harafi bai canza ba.

Sai mota ta ƙaro sabon salo. Ina cikin cunkoso sai ta shaƙe, ta yi jijjiga kamar mai jin sanyi, fitilar kuma ta shiga ƙyaftawa. Wannan kam ya tsorata ni, kuma da dalili. Fitilar da ta tsaya cak tana nufin a duba mota nan kusa. Mai ƙyaftawa kuwa tana nufin wuta tana tsallake silinda, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin tukunyar tace hayaƙi, inda zai iya ƙone ta, kuma tukunyar nan ba abin da talaka ke saye da dariya ba ce. Na'ura ta ce P0300, wato tsallaken bai tsaya a silinda ɗaya ba, yawo yake yi. Da a ce P0301 ce ko P0302, da na san ɗakin da zan ƙwanƙwasa. Tunda ba a nuna mini mai laifi ba, sai na hukunta kowa. Na canza fulogi huɗu, na bi su da kwayil huɗu masu ba su wuta.

A wannan ranar ce ɗana, ɗan shekara tara, ya ce daga kujerar baya, "Abba, ni fa na lura da wani abu." Na ce, "Kai, yi mana shiru, manya na tunani."

Lamba ta uku P0562 ce, wai wutar da ke isa ƙwaƙwalwa ta yi ƙasa. Na nufi wurin mai batir. Bawan Allah ya ɗora mita ya nuna mini folt 12.6 inji a kashe, aka tayar ta haura 14. Ya ce, "Yallaɓai, batirinka lafiya lau, cajin ma yana shiga." Mutum yana ƙin karɓar kuɗina, ni ina yi masa gardama. Na ce ni da na'ura nake aiki, ba da ka ba. Ya ɗaga kafaɗa ya sayar mini.

Da fitilar ta sake dawowa, ban faɗa wa kowa ba. Na zauna cikin mota a kashe ina lissafi. Sansa sabuwa, fulogi sababbi, kwayil sababbi, batir sabo. Saura wa? Mai kawo ƙarar kanta. Na yanke hukuncin cewa ƙwaƙwalwar ce ta taɓu. Da na ji kuɗinta, da kuma cewa sai an daidaita sabuwar da makullin mota kafin ta yarda ta tashi, sai na ji tawa ƙwaƙwalwar ma ta fara kawo lamba. Uwargida ta ce, "Maigida, don Allah kafin ka sayar da mu, ka kai wa mai wayarin ya gani."

Dattijo ne, gilashinsa ɗaure da zare. Na jera masa lambobin nan uku da ka, ina jiran ya yaba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, yaushe take yi?"

Na ce, "Baba, ba ta da lokaci."

"Ba motar da ba ta da lokaci. Da sanyin safiya? In ta yi zafi? A gargada? In an kunna fitilu?"

Ina lalubo amsa sai na ji murya daga bayana. "In Abba ya danna hon."

Dattijo ya sauke gilashi ya dubi yaron, ya dube ni. Ya buɗe bonet. Bai ko taɓa na'urata ba. Ya ce lamba ba ta cewa ga abin da ya lalace, cewa take ga inda aka ji ciwo. In kuma aka ga gaɓoɓi uku da ba ruwan wani da wani suna kuka lokaci guda, sai a nemi abin da suka haɗa. Wuta tana fita daga batir ta waya, amma ta jikin ƙarfen inji da na mota take komawa. In hanyar komawar ta toshe, kowa sai ya yi ƙarya. Sansocin nan, in ji shi, da folt biyar zuwa ƙasa suke magana, ta salansa ma tsakanin 0.1 da 0.9 take kai da komo, to ina labari in ƙasan da ake awo daga kansa yana rawa?

Ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir ɓangaren komawa, ɗayan a kan wani noti a jikin inji inda wasu wayoyi suka taru. Ya ce in hanya tana da kyau bai kamata a ga abin da ya wuce 0.1 ba. Mita ta nuna 0.4. Ya ce wa yarona, "Jikana, je ka danna." Hon ya ɗauka, mita ta tsallake folt ɗaya, inji ya shaƙe a gabanmu.

Ya sa yatsa biyu ya juya notin. Ya juyu. A saman wayoyin kamfani kuwa ga wata jar waya, an murɗe bakinta da hannu an cusa, ta yi kore don tsatsa. Ya ɗago ta ya ce, "Wane mai ƙarfin halin ne ya yi wannan aikin?"

Na san wayar. Wata huɗu da suka wuce na ga hon ɗin motar ba ya tsorata kowa, na sayo wani mai muryar babbar mota na ɗaura da kaina. Da na rasa inda zan maƙala wayarsa, sai na ga wani noti a kusa, na kwance, na cusa, na ɗaure da filaya saboda sifana ta yi mini nisa. Notin da ƙwaƙwalwar mota da kwayil suke mayar da wutarsu ta kansa ke nan. Wata guda cur na bar jaki ina dukan taiki.

Na ce, "Baba, wani yaro ne ya ɗaura mini."

"A'a Abba, kai ne. Ni na riƙe maka tocila."

Yaran gareji suka juya baya, kafaɗunsu suna rawa. Dattijo bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure notin tamau, ya mayar da wayar hon can jikin bodi ita kaɗai. Mita ta sauko 0.03. Aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Ya goge lambobin, ya ce ko ba a goge ba fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya uku lafiya. Sannan ya sa farce ya ɓare baƙin tef ɗina, ya ce a bar ta ta sha iska, ya kamata a riƙa ganin ta kunnu in an murɗa makulli, ta ɗauke in inji ya tashi. Ya miƙo mini guntun tef ɗin a tafin hannu kamar canji.

Tsofaffin kayan suna nan cikin kwali a bayan ƙofa, sansa ɗaya, fulogi huɗu, kwayil huɗu, duk lafiyarsu ƙalau. Tsohon batirin na bar wa mai batir, na tabbata yana can yana tayar da motar wani. A gida na ce matsalar wayarin ce mai sarƙaƙiya, ba kowa zai gane ba. Ban rufe baki ba yaron ya ba da labarin tun daga tocila, har da kwaikwayon yadda Baba ya sauke gilashi.

Jiya wani ya sha gabana a hanya, na kai hannu zan danna hon. Uwargida ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Maigida, a hankali, kada ka tayar mana da jirgin."