Gawar tsuntsu a bayan gida

Ranar da maƙwabciyata a Ingila, wata tsohuwar Baturiya, ta ƙwanƙwasa min ƙofa a kan mataccen tsuntsu, da ƙyar na danne dariya. Ɗan tsuntsu ne kore, bai kai cikin tafin hannu ba, irin wanda suke kira greenfinch. Ta ce kwana biyu tana ganinsa ya kumbura gashi, ya kasa haɗiye tsaba, bakinsa jiƙe da yawu. Ta sa safar hannu ta ɗauke shi, ta shigar da rahoto ta intanet, sannan ta roƙe ni in kwashe kwanon ruwan da nake ajiye wa tsuntsaye.

Daga baya na gane ba shirme take ba. Cutar sunanta trikomonosis, kuma duk mai kiwon tattabaru ya san ta ko da bai san sunan ba: wannan abu mai ruwan ɗorawa da ke toshe maƙogwaro. A 2005 ta bayyana a jikin ƙananan tsuntsayen Ingila, ta yi musu ɓarnar da a 2021 aka sa greenfinch cikin jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Abin mamaki, alherin mutanen ne ke yaɗa ta. Mara lafiya ya amayar da tsaba a kan farantin da suke zuba wa tsuntsaye abinci, mai lafiya ya zo ya tsince. Shi ya sa ake cewa a dakatar da ba su abinci na 'yan makonni, a wanke komai. Akwai ma wani shiri, Garden Wildlife Health, da ke karɓar gawar tsuntsu, da kwaɗo, har da bushiya, likitocin dabbobi su bincika.

Mu a Najeriya, tsuntsun da ba na kowa ba mutuwarsa ba labari ba ce. Sai an ji kaji na zubewa a gona hankali ke tashi, kamar a Fabrairun 2006 da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kuma ba ƙwararru muka rasa ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun zamanin Turawa. Idon da zai ga agwagwar ruwa ta mutu a dausayin Haɗejiya da Nguru ya kai labari, shi ne babu, alhali tsuntsayen da ke sauka can da hunturu daga Turai suke tasowa.

Ba na cewa Turawa sun fi mu tausayi. Wani lokaci ma abin nasu har haushi yake ba ni, a tara tsuntsaye ɗari a faranti ɗaya don a ji daɗin kallo ta taga, sannan a zo ana jimami. Amma suna ƙirgawa, kuma da ƙirgen suka gano laifin farantin.

Kwanon ruwan dai na kwashe shi, sai bayan wata guda na mayar, kuma kullum da safe nake wanke shi.