Wa ke duba ɗakin karatun jama'a?

Jama'a, sannu a hankali ake kashe ɗakin karatu. A rage lokacin buɗewa, a daina sayen sabbin littattafai, ma'aikaci ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba. Daga nan sai a ce ai mutane ba sa zuwa, a sa kwaɗo. Ni dai a ganina abin da ke hana haka shi ne a samu wani daga waje mai ikon shigowa ya duba, ya rubuta, kuma masu mulki su ji shakkar abin da zai rubuta.

Ku dubi abin da ya faru a Ingila. Tun 1964 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da wadatattun ɗakunan karatu, ta kuma ba minista ikon sa musu ido. A 2009 ƙaramar hukumar Wirral, tsallaken kogin Mersey daga Liverpool, ta yanke shawarar rufe 11 daga cikin 24 da take da su. Mutanen gari suka ce ba za ta saɓu ba. Ministan al'adu na lokacin, Andy Burnham, ya sa a yi bincike, aka damƙa aikin a hannun Sue Charteris. Abin da ta kama hukumar da shi ya burge ni ƙwarai: hukumar ta lissafa kuɗin gine-gine, amma ba ta tsaya ta auna buƙatar masu shiga cikinsu ba. Ina yaron unguwar talakawa zai zauna ya yi aikin makaranta? Tsohuwar da ba ta da mota fa, ta yaya za ta kai ga na nesa? Tun kafin rahoton ya fito fili, hukumar ta janye shirinta.

Daga 2000 kuma masu duba aiki na Audit Commission, hukumar binciken kuɗi da ayyukan gwamnati a Ingila, suka riƙa zagaya ƙananan hukumomi suna ba ayyukansu maki da taurari, daga babu zuwa uku, kowa ya gani. An yi ƙorafin cewa cike-ciken takardu ya yi yawa, kuma da gaskiyar masu ƙorafin. Amma ko kusa ban yarda gyaran shi ne a sallami mai dubawa ba. A 2015 aka rufe Audit Commission ɗin. Tsakanin 2010 da 2019 ɗakunan karatu kusan 800 suka rufe a Birtaniya. Rage kuɗin ƙananan hukumomi ne babban sanadi, sai dai wuƙa ta fi saurin sauka kan abin da ba mai tambayar lafiyarsa.

Abin ya dame ni ne saboda ƙananan hukumominmu 774 na Nijeriya, waɗanda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ina roƙon majalisun jihohi su wajabta wa kowacce ɗakin karatu, su kuma naɗa mai dubawa wanda ba ciyaman ke biyansa albashi ba. Ya zo ba sanarwa, ranar aiki da la'asar. Ya ga ko ƙofa a buɗe take, ya ƙirga waɗanda ke zaune, maza nawa mata nawa. Ya zaro littafin lissafi daga kanta ya duba shekarar da aka buga shi, ya danna makunnin fanka, ya leƙa ban-ɗaki, ya tambayi ɗaliban da ke shirin JAMB abin da suka nema suka rasa. Rahoton nasa a karanta shi a rediyo da Hausa, a ambaci sunan ƙaramar hukumar da na ciyaman ɗinta, bayan wata shida ya sake dawowa.