Yadda Isma'il Basha Ya Tsira Daga Wutar Shandi a Ajinmu

Ba kowane darasin tarihi ne ke karɓar wasan kwaikwayo ba. Wanda ya dace shi ne wanda ya faru a wuri ɗaya, masu magana a cikinsa ba su wuce shida ba, akwai shawarar da dole wani ya yanke, sannan babu kakan ko ɗaya daga cikin yaran a cikin rigimar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi wuyar samu. Mu nan Mai Wurno, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, kakanninmu sai bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka sauka nan bakin kogin Nilu. Faɗan da aka yi a Shandi shekara tamanin kafin nan, babu mai gadon haushinsa a ajina. Da wannan lissafi na zaɓi mutuwar Isma'il Basha, na ce ga darasin da za a yi lafiya a tashi lafiya.

Duk wanda ya yi makaranta a Sudan ya san labarin. Muhammadu Ali Basha mai mulkin Masar ya turo ɗansa Isma'il da runduna a 1820, yana neman zinariya da mazajen da zai zuba a aikin soja. Isma'il ya ci ƙabilar Shaigiyya da yaƙi a Korti. A 1821 Sarki Badi ya miƙa masa Sinnar ba tare da an gwabza ba, daular Funj da ke tsaye tun 1504 ta kwanta. Sai aka yanko haraji: dala 15 kan kowane bawa, 10 kan saniya, 5 kan tunkiya ko jaki. Wajen ƙarshen 1822 ya sauka Shandi, ya kira Mak Nimir (Mak na nufin sarki), sarkin ƙabilar Ja'aliyyin, ya ɗora masa dukiya da bayi, ya ce cikin 'yan kwanaki yake son ganinsu. Nimir ya ce abin ya fi ƙarfin ƙasarsa. Isma'il ya kwaɗa masa lofen tabarsa a fuska a gaban jama'a. Da dare aka shirya liyafa, aka jibge kara da ciyawa kewaye da masaukin Basha da sunan abincin dawaki, aka cinna wuta.

Hissarmu, wato lokacin darasi ɗaya, minti 40 ce, na raba ta haka: 5 na karanta kati, 15 na wasa, 15 na tattaunawa, 5 na rubutu. Yara 62 ne. Shida suka samu magana: Isma'il, Nimir, Mak Musa'id na Matamma, ma'aji, tafinta, da wani falke na kasuwar Shandi. Sauran na kasa su uku, majalisar Nimir, sojojin Basha, da marubuta masu littafi a cinya, kowanne da tambaya ɗaya da zai amsa daga abin da ya gani. Kada ka bar yaro ko ɗaya ba aiki. Yaron da ba a ba shi matsayi ba, da kansa zai naɗa wa kansa wani, kuma yawanci doki yake zaɓa.

Kati rabin takardar littafi ne, layi huɗu: wane ne kai, me kake so, me kake tsoro, me ka sani wanda sauran ba su sani ba. Na Nimir cewa ya yi: kai ne sarkin Shandi, kana son kujerarka da mutuncinka a idon mutanenka, kana tsoron igwar Basha, don ka ji abin da ta yi wa Shaigiyya, ka san talakawanka sun ƙoshi da haraji, kiris suke jira. Ba a rubuta wa yaro jawabi. Idan ka rubuta masa, hadda zai kawo maka, idonsa a rufi, hannu a ƙirji.

Ba a kuma sa yaro ya fito a bawa, ko da shi ya nema. Sunan zai bi shi har gida, gobe uwarsa ce za ta tsaya maka a ƙofar makaranta, kuma ita ke da gaskiya. Dukiya da bayin da ake ciniki a kansu, da abin ƙirge ake wakiltarsu. Murfin kwalba ya isa, ko tsakuwa. Ni dabino na sayo, barakawi busasshe guda 100, don a ga dukiya a ido, na danƙa wa ma'aji a kwano kafin fatur, wato hutun karin kumallo. Da aka dawo daga fatur, baitulmalin Shandi saura 31 da tarin ƙwallaye. Ma'aji, wani shiru-shiru mai suna Bashir, ya ce majalisa ce ta zauna ta ga gara a rage dukiyar kafin Turkawa su ƙwace. Ban sami abin cewa ba, don a katinsa ni na rubuta cewa yana tsoron a kwashe abin da ke hannunsa.

Sai maganar lofe. Na ce a yi shi da kwali, a naɗe shi tsawon kamu ɗaya. Hamza, wanda ya fito a Isma'il, ɗan mai gyaran famfo ne. Ya zo da jar dara ta kwali yadda aka ce, amma lofen nasa guntun bututun ruwa ne, fari, da gwiwar bututu a liƙe a baki inda ake cusa taba. In za a faɗi gaskiya ya fi nawa kama da lofe nesa ba kusa ba. Na ce masa taɓawa kawai zai yi. Ya ɗaga hannu.

"Ustaz, a littafi cewa aka yi ya taɓa shi, ko ya buge shi?"

"Ya buge shi. Amma kai taɓawa za ka yi."

"To Ustaz, ba kai ka ce kada mu ƙara wa tarihi kada mu rage masa ba?"

Yadda ake yin duka a irin wannan wasa, hannu na tsayawa ne taƙi ɗaya daga fuska, kowa ya daskare, wani yaro daga gefe ya tafa sau ɗaya don ƙara. Ana gwada wannan sau biyu ko uku kafin a fara, da usur a bakin malami, yara su san busa ɗaya na nufin kowa ya tsaya inda yake. Usur ɗina yana wurin malamin motsa jiki ranar. Ƙarar da muka ji ba ta tafi ba ce. Usman, Mak Nimir ɗinmu, ya dafe kunci, rawaninsa da aka naɗa da gyalen yayarsa ya warware, ya cakumi wuyan jallabiyar Basha. Daidai nan ne labari ya ce Mak Musa'id ya riƙe Nimir, ya yi masa magana da harshen da Turkawa ba sa ji, ya ce ya danne zuciyarsa. Wannan wuri shi na fi alfahari da shi a shirin. Da Larabci ake wasan, kamar kowane darasi, sai na ce Hausa ita ce za ta zama harshen asiri.

Musa'id ya ja Nimir gefe, ya sunkuyo, ya yi raɗa irin ta 'yan shekara 13, wadda ake ji har benci na ƙarshe.

"Haƙura, ɗan'uwa. Bari dare ya yi mu babbaka shi."

Isma'il Basha, ɗan Muhammadu Ali, wanda tafinta ke tsaye a gefensa saboda ba ya jin yaren kowa, ya juyo da Hausar gidansu.

"Wa za ku babbaka?"

Kafin in buɗe baki ya taka benci, ya bi ta tagar da ƙarfenta biyu suka daɗe da cirewa, ya dira waje da lofensa. Katin nan mai layi huɗu yana buƙatar na biyar: me ba ka sani ba, ko da kunnenka ya ji. Yaro ya riga ya karanta ƙarshen labarin a littafi. In ba a ɗaure shi da doka a rubuce ba, ba zai zauna a ƙona shi saboda manhaja ba.

Sojojin Basha kuma sun leƙa shafi na gaba. Sun san Daftardar Muhammadu Bey, surukin Muhammadu Ali da ke Kurdufan, ya zo ya ɗauki fansa mai muni a kan mutanen bakin kogi, har Nimir ya gudu iyakar Habasha. Sai suka ga ba dalilin jira. Mutum 20 suka tasam ma majalisar Nimir da littattafan lissafi, suna ramuwar kisan wanda ke can gindin dalbejiya yana leƙo mu. Marubuta, Allah ya yi musu albarka, suna ta rubutu.

Ina tsakiyar raba faɗa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ja ta ciki, sai dami ya faɗo mini a ƙafa. Wutar da na tsara jan ƙyalle ne mita biyu da yara huɗu za su kaɗa, karan kuma zane ne a kwali. Ashe majalisar Nimir ba dabino kaɗai ta tattauna lokacin fatur ba. Sun tsallaka katanga, sun kwaso karan dawa na gaske, sun tura mutum uku da sunan fitsari suka jera shi a ƙofar aji har ya kai ƙirji. Ta saman karan na hango hular Baba maigadi, yana riƙe da murfin gwangwani, garwashi uku jajaye a kai, daga murhun da yake dafa jabana, wato gahawa.

"Ustaz, an ce ka ce a kawo wuta ta darasi. Na ce bari in kawo da kaina, kada yaro ya ƙone. Wannan ya isa, ko a ƙaro?"

"Baba, don girman Allah koma da ita. Ja baya, Baba. Ƙara ja."

Yana ja da baya ya yi karo da mudir, wato shugaban makaranta, wanda ya rako baƙo mai duba malamai don ya nuna masa sabuwar hanyar koyarwa da ya ji ina ta yabo a ofis. Ba su sami hanyar shiga ba, sai suka tsaya ta taga. Bayansu kuma ga Hajja mai karan, ta biyo sawun ganye tun daga bayan gidanta, awakinta biyar na biye da ita. Awakin ba su tsaya jin bahasi ba, suka kama aiki a ƙofar aji.

"Wane ne malamin?" in ji Hajja.

Yara 61 suka nuna ni. Na 62 ma ya nuno ni daga gindin bishiya, da bututu.

"Ɗan nan, karatun ke nan? Karan da na tara wa dabbobina na rani shi za ka ƙone 'ya'yan mutane da shi?"

Na fara yi mata bayanin 1822, ta ce ita ba ta san Basha ba, dami tara ta sani. Aka buga ƙararrawa muna kan lissafin dami, don ta ce wanda awakinta suka ci a nan ba ya cikin lissafi, tunda ba ita ta ba su ba. Minti 15 na tattaunawa da 5 na rubutu suka tafi a jidar kara, ni a gaba da dami a ka, baƙo yana rubuta wani abu mai tsawo a littafinsa.

Waɗannan minti 15 su ne darasin. A nan ake karɓe kati ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya faɗi sunansa na gaskiya da ƙarfi, a cire rawani da dara, don kada a wayi gari ana kiran wani Basha har ya gama makaranta. A nan ake raba allo biyu, gefe ɗaya abin da ya faru a aji, ɗaya gefen abin da ya faru a 1822, a bi su layi-layi. Da na maimaita darasin a ɗaya ajin, daidai kan dukan lofe na busa usur, wasa ya ƙare nan. Kowa ya koma majalisar Nimir, aka ɗora zaɓi uku a allo: a biya, a gudu, ko a ƙona. Kowane rukuni ya kawo hujja biyu da abin da zai biyo baya, aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, sannan na karanta musu abin da Nimir ya yi da abin da Daftardar ya yi wa mutanensa. Gardamar da aka tafka kan ko mari ɗaya ya isa a jawo wa gari halaka ta fi wasan zafi, kuma ba a taɓa karan kowa ba.

Ajin farko kuwa sai a jarrabawa na ga sakamako. Tambaya ta uku mai maki 4 cewa ta yi: bayyana yadda Isma'il Basha ya mutu. Harajin nan kowa ya kawo shi daidai, 15 da 10 da 5, har da jaki. Amma mutum 14 sun rubuta cewa bai mutu ba, ya ji Hausa ya fita ta taga. Wani ya ƙara da cewa awaki ne suka cinye makircin. Na ba su sifili-sifili, na raba takardu. Hamza ya biyo ni har ƙofar ofis da tasa a hannu, ransa a ɓace.

"Ustaz, wannan zalunci ne. Ai kai ma kana wurin."