Wai biyayyarmu ce ta kai mu inda muke

Lahadin farko na watan Janairu naje sujada a wata majami'ar Methodist dake bayan gidan da nake haya a arewacin Ingila, kuma har yanzu maganar da wata tsohuwa ta yaɓa mani wurin shan shayi bata bar raina ba.

Bari in kwatanta maku wurin tukuna. Ginin dutse ne baƙi ƙirin, wai hayaƙin masaƙu na da can ne ya rina shi, bencin ciki zai ɗauki mutum ɗari huɗu amma ranar na ƙirga mu 26 ne har da mai kaɗa molo, kuma in ka cire ni da wata 'yar Ghana duk sauran furfura ce. Kowa na cikin rigar sanyi don hita ɗaya ke aiki, in ka buɗe baki zaka yi waƙa sai kaga tururi na fita. Goma da rabi aka fara, sha ɗaya da rabi cif an rufe da addu'a, ba ganga ba shantu ba Zumuntar Mata, ba mai tashi bada shaida ya cinye minti ashirin. Ba abin mamaki bane tunda ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin ɗari, karon farko kenan da basu kai rabi ba.

To ranar suna da wata sujada ta sabunta alkawari da Allah, John Wesley wanda ya kafa ɗariƙar Methodist ya faro ta a Landan tun 1755, sau ɗaya ake yi a shekara. Akwai addu'ar da kowa ke tashi tsaye a karanta tare, ma'anarta dai mutum yace ni ba na kaina bane yanzu naka ne, sa ni aikin da kaga dama, ka haɗa ni da wanda kaga dama, ko aiki ko shan wuya, ko in samu komai ko in rasa komai. Gaskiya tsigar jikina ta tashi. Amma da muka iso wurin shan wuyan nan sai naji tsohuwar dake gefena tayi tsit, sai da aka wuce layi biyu ta dawo da muryarta.

Wurin shayi na kasa haƙuri nace Mama (ta sha cewa in kira sunanta kawai, bakina ya ƙi) naji kin tsallake wani wuri. Tayi dariya tace ta daɗe bata karanta layin, ita bata sa hannu a takardar da bata yarda da duk abinda ke ciki ba. Nace mu a gida in abu ya samu mutum cewa yake nufin Ubangiji ne, ya share hawaye ya koma gona. Sai ta dafa hannuna, cikin murmushi fa, tace wataƙila wannan yawan miƙa wuyan ne yasa shugabanninku ke yi maku yadda suka ga dama. Biskit ɗin dake bakina ya ƙi haɗiyuwa.

Mutanenmu na Zuru ne za'a ce ma sun saba kwanciya a taka su? Garin da kusan kowane gida akwai soja ko tsohon soja? Babana shekara bakwai yayi yana golmo a gonar kakana kafin a bashi Inna, shi yasa in ana karanta labarin Yakubu da Laban a Farawa 29 baya buƙatar fasto yayi masa bayani, murmushi kawai yake yana gyaɗa kai. Daga nan ya shiga soja. Ayar da yafi so itace ta jarumin nan a Matiyu 8 da ya gaya ma Yesu shima yana ƙarƙashin iko, in yace ma wannan tafi sai ya tafi. Baba yace wanda bai iya bin umurni ba bai kamata a bashi bindiga ba. Biyayya irin tasa ƙarfi take buƙata, ba aikin rago bane. Shi kansa Yesu a Getsamani ai sai da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, zufa na zuba, kafin yace ba nufina ba naka za'a yi. In da ya tsallake layin nan kamar Mama da yau wa zai gina mata majami'ar dutsen ma.

Ba wai nace basu da nasu kirkin ba. Mutanen nan akwai bin doka, layin bas ba mai tsallakewa, kwandon shara kala kala kuma kowa ya san ranar fitar da nasa, a gidan tsofaffin da nake aiki in takarda tace magani ƙarfe takwas to takwas ɗin ne. Kuma na sani a gida akwai masu wa'azin da suka maida "biyayya ta fi hadaya" sandar dukan mata da matasa, alhali sarki Saul ne annabi Sama'ila ya gaya ma wannan magana, ba talaka ba. Amma abin da na lura su nan suna bin abinda suka zauna suka amince dashi ne kawai, Allah ma sai sun duba sharuɗɗansa kamar kwantiragin haya. Ko alkawarin aure tun 1981 Gimbiya Diana ta cire kalmar biyayya daga nata. Inna da 'yan bindiga suka kora daga gonarta a wajen Danko Wasagu tana zaune ɗakin haya a cikin Zuru, ƙarfe biyar na asuba tana durƙushe tana godiya, ita za'a ce ma bata san ciwon kanta ba?

Da dare na kira Baba a WhatsApp in kai ƙarar tsohuwar, ina jiran ya taya ni faɗa. Yayi shiru yana saurare, ina jin zakara na cara ta bayansa ko agogon wani ne oho. Sai yace kai ka karanta layin duka? Nace eh Baba, da ƙarfi ma. Yace to ita dai bata yi ma Allah ƙarya ba.

Na gane inda ya dosa. Ina shekara 19 a taron matasa na fita gaba na durƙusa nace zan shiga makarantar Baibul ta Tungan Magajiya in yi aikin bishara a ƙauyukanmu, dattawa suka ɗora mani hannu, Inna tayi guɗa. Sai hidimar ƙasa tazo, sai neman aiki, sai a 2022 aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi, na sayar da fili na biya kuɗin jirgi. Kuɗin hayar ɗakin da suke ciki yanzu daga nan yake fita duk wata, na gaya masa haka, murya na rawa. Yace ya sani kuma Allah yayi albarka, amma Yunusa ma ai da kuɗinsa ya biya jirgin Tarshish.

Katinsa na data ya ƙare a nan. Ban sake kira ba, ina da aikin safe ƙarfe bakwai kuma an ce ƙanƙara zata sauka cikin dare.