Ki koma ki karɓi sakamakonki, 'yar'uwa

'Yan'uwana matan Bauchi, akwai wata ɗabi'a tamu da take ci mini tuwo a ƙwarya. Mace za ta daure ta je a yi mata gwajin bakin mahaifa, ranar karɓar sakamako sai ta noƙe. Wata kuwa tun a gaban malamar asibiti take rufe gaskiya. A tambaye ta tana da shekara nawa aka yi mata aure, haihuwa nawa ta yi, ko tana ganin jini bayan kwanciya da maigida, kunya ta sa ta ce lafiya lau.

Wallahi ba tsegumi ya sa suke tambaya ba. Da amsarki ake karanta sakamakonki. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ce ke haddasa ta, kuma ta fi samun gindin zama a jikin wadda ta fara saduwa da ƙuruciya, da mai yawan haihuwa, da mai shan taba, da wadda garkuwar jikinta ta raunana. Mai ɗauke da HIV haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ta fara gwaji tun tana da shekara 25, sauran kuma a 30. In kin ɓoye wannan, wa kika cuta?

Abin da ya fi damuna shi ne fassarar da muke yi wa sakamakon. An ce an ga canji a bakin mahaifarki, ba a ce sankara ba ce, balle a ce kin yi lalata. Mace mai kamun kai ma tana iya ɗaukar ƙwayar daga mijinta, shi ma bai san yana da ita ba. Canjin nan yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, ga mai raunin garkuwa kuwa 5 zuwa 10. A wannan tsakanin ake ƙone wurin ko a daskarar da shi, ki koma gida a ranar.

Don Allah, in an tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), ki je, ko da ba inda ke miki ciwo. Ki kuma kai 'yarki rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 kyauta tun Oktoban 2023.