Allah ya jiƙan abokina na Aboabo

Labarin wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da suke tara kuɗi don yaran zango ya tuna min da wani aminina, Allah ya jiƙansa. Tare muka yi sakandare a T.I. Ahmadiyya a nan Kumasi, makarantar da aka kafa tun 1950, daga nan muka wuce KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, shi injiniya, ni lissafi.

Yaran yanzu ba su san wahalar kuɗin makaranta ba, tunda aka mayar da sakandaren gwamnati kyauta a Ghana a 2017. A zamaninmu idan ba ka biya ba, gida za a kora ka. Mahaifiyarsa, wadda nima Mama nake kiranta, wake da shinkafa take sayarwa a unguwar Aboabo, kuma da wannan tukunyar ta yi ɗawainiyar karatunsa. Amma duk abin da aka aiko masa, gari ne ko shito ko sukari, sai ya raba biyu. Shekarar da babana ya kwanta ciwo, shi ya riƙa biya min kuɗin tirotiro, wato motar haya, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ne kuma mai tashina sallar asuba lokacin jarrabawa, ko na yi fushi bai damu ba.

Ya rasu ya bar yara ƙanana. Roƙona ga masu wannan ƙungiya, ku sa marayun abokan karatunmu cikin lissafi. Kuɗin makaranta ya sauka, amma littattafai, takalmi da guzuri suna nan, jami'a kuma har yanzu biya ake yi.